Baƙuwar da ta Gaji Rumbu: Tarihin Sabon Irin Masara a Malikanci da Kewayenta

Gabatarwa

A madafin kakata, a garin Malikanci cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, akwai wata igiyar rama da hayaƙi ya rine ta baƙi ƙirin. Tun ina yaro nake ganinta rataye a saman murhu. A wancan lokaci, da zarar an cire amfanin gona, kakana yakan zauna a tsakar gida ya tsinto goyon masara mafi cika da kyan ƙwaya, ya yaye ɓawon baya ba tare da ya tsinke shi ba, ya ƙulla su biyu-biyu, kakata kuma ta rataye su a wannan igiya. Hayaƙin girki shi ke kore musu ƙwari har ruwan shuka ya sauka. Komai tsananin yunwa ba mai taɓa su, domin iri ne.

Yau igiyar tana nan, amma busasshiyar kuɓewa ce a jikinta. Irin da muke shukawa a leda yake zuwa, an rina shi da jan magani, an laƙaba masa suna da lamba, kuma kowace shekara sai an sake sayensa. Tsakanin igiyar nan da ledar nan akwai tarihi na shekara hamsin, wanda ya sauya gonakin Ikara da Maƙarfi da Kudan, ya sauya tuwon da muke ci, ya kuma sauya irin bashin da ke hana iyayenmu barci. Na saurari dattawan gidanmu, na karanta abin da masana suka rubuta, kuma ga abin da na fahimta: ingantaccen iri ya ƙara yawan amfanin gona ƙwarai da gaske, amma bai taɓa yin haka shi kaɗai ba. Duk shekarun da ya zo tare da taki mai sauƙin kuɗi da malamin gona da kasuwa mai kyau, rumbu ya cika. Duk shekarun da ɗaya daga cikinsu ya janye jiki, manomi ne ya biya.

Masara kafin ta shiga gandu

Masara baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta daga kudancin Meziko ne, inda mutanen can suka fara nomanta kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492, kuma a ƙarni na 16 jiragen Turawan Fotugal suka sauke ta a gaɓar Afirka ta Yamma. Masana harshe da tarihi da dama suna danganta sunanta na Hausa da ƙasar Masar, abin da ke nuna cewa mu ta arewa ko ta gabas ta iso mana, a hannun fatake da mahajjata.

Duk da wannan daɗewa, matsayin baƙuwa ta riƙe a ƙasar Zazzau. A gefen gida ake shuka ta, inda ake zubar da toka da shara da kashin awaki. Kakata ta ce tasu ta da gajera ce, rawaya, mai taurin ƙwaya, kuma amfaninta shi ne a gasa ko a dafa a cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawa kuma da sauranta. Gandun gida na dawa ne, farafara da kaura, da gero, da wake a tsakaninsu. Kuɗin haraji da na sutura daga gyaɗa da auduga suke fitowa. Fadama kuwa ta rake ce, wanda har gobe Maƙarfi da Kudan ke alfahari da shi da mazarƙwailarsa.

Akwai shaidar wannan a rubuce. A daminar 1966 zuwa 1967, wani masanin tattalin arzikin noma na Jami'ar Ahmadu Bello mai suna David Norman ya bi diddigin aikin manoma a ƙauyuka uku na ƙasar Zariya, wato Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Kano. Ya tarar mafi yawan gonaki shukar gauraye ce, dawa da gero ne a kan gaba, kuma ya nuna cewa wannan gauraye hikima ce ta wanda ba ya so ya wayi gari hannu rabbana: in wannan ya ƙi, wancan ya yi.

Dalilin da ya hana masara fita daji shi ne cin da take da shi. Tana buƙatar sinadarin naitirojin mai yawa, ƙasarmu ta tudu kuwa ba ta da shi sosai. Dawa takan yi haƙuri da gajiyayyar ƙasa, masara sai ta yi rawaya ta tsaya. Amma ta fuskar yanayi, yankinmu ya fi kurmin kudu dacewa da ita: ruwan sama wajen milimita 1,000 daga Mayu zuwa Oktoba, hasken rana wadatacce, dare mai sanyi, ga kaka mai bushewa wadda ba ta ruɓar da hatsi. Abu biyu kawai suka rage, iri mai karɓar taki da takin kansa.

Shekarun fari da zuwan farar masara

Wahala ce ta buɗe wa masara ƙofa. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza Arewa baki ɗaya. Kafin a farfaɗo, a 1975 cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano kuma ta kama hanyar zama labari. Manomi ya shiga neman abin da zai sayar ya sami kuɗi. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya cika baitulmali, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta kuma ɗauke wa manoma mafi yawan kuɗin takin zamani.

Masana kuwa sun riga sun yi nisa. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, ta zama cibiya a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce aka fi sani da IAR. A Ibadan an kafa cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken noman ƙasashe masu zafi, IITA, a 1967. A farkon shekarun 1970 masanan Ibadan suka fitar da wata farar masara da suka kira TZB, mai jure tsatsa da ƙunar ganye, wadda in ta sami taki takan ninka abin da tsohon iri ke bayarwa. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, shi ya ɗauki wannan iri ya kai ƙauye, tare da rumbunan sayar da taki, da malaman gona, da hanyoyin burji. A lokacin Funtuwa da Ikara jiha ɗaya suke, domin sai a 1987 aka fitar da Jihar Katsina daga Kaduna.

Iri kuwa ba ya sanin iyakar shiri. Namu a cikin tsumma ya iso gidanmu, mudu ɗaya, daga hannun wani ɗan'uwan kakana da ke zuwa cin kasuwa ta wajen Funtuwa. Kakana ya ware kunya kaɗan a gefen gandu ya shuka, ya zuba mata kamfa. Abokansa na majalisa suka yi ta yi masa ba'a, wai ya kai abin marmari daji. Da kaka ta yi, gani ya kori ji. Masarar ta riga dawa nuna da makonni, ɓawonta ya hana tsuntsaye ɓarna, goyonta kuma ya kai tsawon da ba a saba gani ba.

Amma hukuncin ƙarshe a madafi aka yanke shi. Kakata ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta kai inji, ta tuƙa tuwo fari fat ta haɗa da miyar kuka. Takan ba ni labarin tana dariya, ta ce, "Angona, ranar nan Malam bai ce komai ba, sai da ya suɗe akushi ya ce in ƙara." Masana sun yarda cewa farin launin TZB yana cikin abin da ya sa ta karɓu, domin ta shiga tukunyar tuwo ba tare da an sauya wa mai girki hannu ba. Wani abin kuma, TZB iri ce da iska ke yi wa barbara a fili, saboda haka ana iya ajiye 'ya'yanta a sake shukawa. Ta kori tsohuwar rawaya daga igiyar kakata, ta hau wurinta.

Shekarun 1980 suka ƙara mata kasuwa. A 1985 gwamnati ta hana shigo da masara da shinkafa daga waje. A 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Kamfanonin abincin kaji da na fulawa da na kayan sha suka juyo Arewa neman hatsi. Da cutar da ke zana wa ganyen masara rawayen layi ta yi ƙamari, IITA ta fitar da iri masu jure ta, aikin da ya jawo mata lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. Wani nazari da Joyotee Smith da abokan aikinta suka buga a 1994 ya nuna yadda masara ta tashi daga shukar gefen gida ta zama babban abin ci da sayarwa a wannan yanki cikin shekaru kamar goma sha biyar, kuma sun jingina hakan ga haɗuwar iri da taki da hanya da malaman gona. Abin da Nijeriya ke nomawa bai kai tan miliyan 1 ba a 1980. Zuwa 1990 ya haura tan miliyan 5.

Iri mai aure da igiyar awo

Mataki na biyu shi ne zuwan irin da manoma ke kira mai aure. Ita masara namiji da mace a jiki ɗaya suke: furen da ke ƙoƙuwarta shi ke zubar da garin barbara, gemun da ke bakin goyo shi ke karɓa, iska kuma ke kai wannan ga wancan. Masani yakan tsare wani dangi ya yi ta barbararsa da kansa shekara da shekaru har ya tace, ya yi haka ga wani dangin dabam, sannan ya haɗa su aure. 'Ya'yan farko na wannan aure sukan fito da ƙarfi, tsayinsu ɗaya, nunarsu ɗaya, goyonsu ya fi na iyayensu nesa ba kusa ba. Jikoki kuwa sai su rarrabu, kowa ya ɗauko halin wani kakansa, amfani ya ragu. Wannan dabara ta mamaye gonakin Amurka tun shekarun 1930. A Nijeriya sai tsakiyar shekarun 1980 IITA ta fitar da nata, kuma daga cikinsu ne aka sami Oba Super 1 fara da Oba Super 2 rawaya, waɗanda kamfanin Premier Seed na Zariya ya yaɗa a kasuwanninmu.

A 1992 shirin Sasakawa Global 2000 ya shigo Nijeriya, Kaduna da Kano na cikin jihohin da ya fara da su. Shiri ne da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa ya kafa tare da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Norman Borlaug, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1970 saboda aikinsa a kan alkama. Hanyarsu ita ce malamin gona ya sa manomi ya ware rubu'in hekta a gonarsa, ya yi komai bisa ƙa'ida da hannunsa, maƙwabta suna kallo. Kunya da kunya santimita 75, rami da rami santimita 25, ƙwaya ɗaya a kowane rami, wato tsiro wajen 53,000 a hekta. Taki kuma a tona a binne shi, a raba shi kashi biyu, kamfa da wuri, yuriya bayan an yi maimai.

Zamanin mahaifina ke nan. Na tashi na ga wata igiya ta biyu a gidanmu, doguwa mai ƙulli-ƙulli, wadda mu yara muke ja daga wannan bakin gona zuwa wancan, manya suna bin ƙullin suna saka ƙwaya. Kakana bai taɓa sakin jiki da ƙwaya ɗaya a rami ba. Yakan ce wa mahaifina, "In gara ta ci ɗayar fa?" Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, an sa mata magani." A shekarun da taki ya samu, amfanin da aka cire a rabin gandun ya fi abin da dukan gandun ke bayarwa a da. Da kuɗin masara aka yi wa gidanmu rufin kwano, aka sayi shanun huɗa, da shi kuma aka biya mini kuɗin makaranta. Ba zan ci amfanin abu in zage shi ba.

Sai dai auren nan ya zo da sharaɗi. Wani baffana ya ga kyan masarar mahaifina, ya roƙi tiya biyu daga rumbu ya shuka da damina ta zagayo. Gonarsa ta fito wata doguwa wata gajera, wata ta yi goyo wata ta tsaya haka nan, alhali bai rage taki ba. Daga wannan shekara kowa a gidanmu ya gane cewa mai aure ba a ajiye ta. Kakana ya ci gaba da rataye 'yar farar masararsa har ya rasu, daga nan igiyar madafi ta zama ta kuɓewa. Haka kuma shukar gauraye ta ja baya, domin tazarar santimita 25 ba ta bar wa wake da dawa wurin tsayawa ba.

Da taki ya janye

A 1997 gwamnatin tarayya ta janye tallafin taki, farashinsa ya tashi, abin da manoma ke zubawa ya faɗi warwas. A nan ne aka ga ɗaya fuskar sabon iri. Gonar da aka shekara goma ana yi mata masara a kan masara, ana kwashe karan a kai gida, ba hutu ba takin gargajiya, ta riga ta gaji. Gajiyayyar ƙasa kuwa ita ce gidan wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ƙwayarta ƙanana ce kamar ƙura, tsiro ɗaya yakan zubar da dubbai, kuma takan yi fiye da shekara goma a ƙasa tana jira. Tana jin saiwar masara ko dawa sai ta tsira ta manne mata tana tsotsa, kafin manomi ya ga furenta mai ruwan hoda a sama ta gama ɓarna a ƙasa. Na ga gonakin da aka bari saboda ita a hanyarmu ta zuwa Ikara.

Masana suka koma ɗakin bincike da sabuwar tambaya. Da can yawan amfani kawai ake nema, yanzu kuwa ana neman irin da zai tsaya a gonar talaka. Cibiyar Samaru tare da IITA suka shiga fitar da jerin iri masu suna SAMMAZ, wato masarar Samaru. SAMMAZ 15 an san ta da jure wuta-wuta. SAMMAZ 14 asalinta Obatanpa ce ta ƙasar Gana, wadda aka fitar a can a 1992, mai ingantaccen sinadarin gina jiki ga yara. Dukansu biyu ana iya ajiye irinsu a maimaita shuka kamar sau biyu ko uku kafin a sabunta. An kuma samar da masu jure fari, da masu nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, saboda daminar da ke makara ko ta ɗauke da wuri. Malaman gona suka shiga koyar da juya shuka da waken soya, musamman TGX 1448-2E, wanda ke ƙara wa ƙasa naitirojin, yana kuma ruɗin ƙwayar wuta-wuta ta tsira ta rasa abin kamawa ta mutu. Wato bayan shekara talatin, ilimin zamani ya dawo kusa da abin da Norman ya tarar kakanninmu suna yi.

Da iri ya zama abin saye, sai ya zama abin ha'inci. Wata damina ina makarantar sakandare, mahaifina ya makara, ya sayi iri a hannun wani mai tebur a kasuwa saboda ya fi araha. Ledar da kyau, launin ja kamar na gaske. Ashe hatsin rumbu ne aka rina. Rabi bai tsira ba, wanda ya tsira kuma bai biya kuɗin takinsa ba. A shekarar sai da aka sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗa, kuma mai teburin ba a sake ganinsa ba. Manomi ba shi da hanyar gane iri da ido, sai bayan wata uku, lokacin da damina ta riga ta wuce. Wannan ne ya sa dokar iri ta 2019 ta ƙara wa hukumar kula da iri ta ƙasa ƙarfi, aka kuma fito da tambarin da ake kankarewa a aika lambarsa ta waya don a tabbatar da sahihancin leda.

Daga Pampaida zuwa TELA

A wannan ƙarni, ƙasar Ikara ta zama filin gwaji. A 2006 aka zaɓi Pampaida, ta wajen Saulawa, ta zama ɗaya daga cikin ƙauyukan muradun ƙarni, shirin da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta tare da Majalisar Ɗinkin Duniya. An ba manoma ingantaccen iri da taki da horo, amfani ya ƙaru, shirin kuma ya ƙare a 2015, manomi ya koma fuskantar farashin kasuwa. A 2012 ministan gona Akinwumi Adesina ya kawo tsarin rabon taki da iri ta saƙon waya. A shekarar ce kuma kamfanin Babban Gona ya fara aiki a wannan yanki, yana haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya, ya ba su iri da taki bashi da horo, ya kuma nema musu kasuwa. Hanyoyinsu sun bambanta, amma dukansu sun yarda da abu ɗaya, cewa miƙa wa manomi ledar iri ita kaɗai ba ta wadatar.

A 2016 wata sabuwar tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka ta ɓulla a Nijeriya, mai shiga cikin kunnen masara ta cinye zuciyarta. Kuɗin feshi ya hau kan kuɗin iri da taki. A Janairun 2024 aka amince da fitar da masarar TELA, wato SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, waɗanda cibiyar Samaru ta samar tare da gidauniyar AATF, an sauya musu ƙwayar halitta don su kare kansu daga tsutsa. Muhawara ta tashi a rediyo da majalisu. Masu goyon baya suna nuna kuɗin feshi da za a rage da gubar da za a huta da shaƙa. Masu adawa suna tambayar lafiya, suna kuma tambayar wa zai riƙe makullin iri. Tambayar ta biyu ba sabuwa ba ce a gidanmu, tun ranar da baffana ya shuka jikokin mai aure muke tare da ita.

Lissafin buhu da lissafin aljihu

Yawan amfani daban, riba daban, kuma a nan ne tarihin nan yake da darasi. Hekta ɗaya tana cin iri wajen kilo 20. Shawarar masana ga yankinmu ita ce kilo 120 na naitirojin, wato kamar buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Wanda ya cika wannan, ya shuka a kan kari, ya hana ciyawa a makonni shida na farko, zai iya cire tan 5 ko fiye, wato buhu 50 mai kilo 100. Amma matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a Nijeriya har yanzu wajen tan 2 ne, buhu 20. Abin da ƙasar ke nomawa ya haura tan miliyan 10, Jihar Kaduna tana sahun gaba, sai dai mafi yawan ƙarin daga faɗaɗa gona ya fito, wato daga filin da aka karɓe wa dawa da gero da makiyaya.

Tazarar da ke tsakanin buhu 20 da buhu 50 ba laifin ƙwayar ba ce. Tana cikin takin da aka raba wa gona uku alhali na gona ɗaya ne, da shukar da ta makara saboda jiran shanun haya, da irin jabu, da bashin da ke tilasta a sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha, a dawo a saya da marka lokacin da ya fi tsada. Mahaifina bai yi karatun boko ba, amma ma'auninsa ya fi na littattafai da yawa sauƙin fahimta. Yakan tambaya: buhun masara nawa zan sayar in sayi buhun taki ɗaya? In amsar ta yi sauƙi, mai aure ita ce sarauniya. In ta yi nauyi, wanda ya fi zuba jari shi ya fi shan kashi. Mun ga haka kwanan nan. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya ɗaga farashin taki, cire tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga kuɗin huɗa da sufuri, a 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150, a kakar 2025 kuma farashin masara ya faɗi, taki bai sauko tare da shi ba. Gonaki sun yi kyau, masu su suna kuka.

Saboda haka ingancin noma shi ne dacewar iri da ƙarfin mai shi. Ga mai halin sayen cikakken taki, mai aure ta fi. Ga mai buhu biyu ko uku, a gonar da wuta-wuta ta kama, irin da ke jure ta wanda kuma ake iya ajiyewa ya fi masa alheri, musamman in ya juya da waken soya ya kuma kai takin shanu. Abin da ya kamata hukuma ta tsare shi ne abin da tarihin nan ya nuna yana yankewa: sahihancin iri a kasuwar ƙauye, malamin gona da zai taka ƙafa ya zo, taki kafin ruwa ya sauka, da manufar shigo da hatsi wadda ba za ta sauya bayan manomi ya riga ya binne kuɗinsa a ƙasa ba.

Kammalawa

Cikin shekara hamsin masara ta tashi daga gefen gida ta gaji rumbun dawa. TZB ta buɗe mata hanya, mai aure ta ninka amfaninta, jerin SAMMAZ suka zo gyaran ɓarnar da gajiyar ƙasa ta haifar. Ta yi mana rufin kwano, ta kai mu makaranta, ta kuma ɗaure abincin gidanmu da farashin da ake yankewa a wuraren da mahaifina bai taɓa zuwa ba.

A bana ya raba gandun kashi uku. Kashi ɗaya mai aure, gwargwadon takin da ya iya saye. Kashi ɗaya SAMMAZ 15, a gefen da wuta-wuta ta fi yawa. Na ukun waken soya, da layin dawa kaura a bakin iyaka. Da aka cire amfani, na zauna a tsakar gida inda kakana ke zama, na tsinto goyo mafi cika daga tsakiyar gonar SAMMAZ, nesa da inda iska za ta kawo garin mai aure, na yaye ɓawon baya na ƙulla su biyu-biyu. Kakata, wadda yanzu sai da sanda take tashi, ta sa aka sauke kuɓewar. Ta karɓi ƙullin farko ta jujjuya shi a hannu, ta ce, "Angona, ka ɗaure shi da kyau, akwai ɓera."